Tsohuwar da Ta Hana Ni Kunna Esi

Ina cikin shekarata ta uku da fara tuƙi a Doha, mudir ɗinmu, wato shugaban direbobin kamfanin motocin hayar da nake yi wa aiki, ya kira ni ofis ya ce an ba ni babban baƙo. Wata cibiya ce ta gayyato shi ya zagaya makarantu yana yi wa yara bayani a kan sauyin yanayi, sannan ya rufe da lacca ta manya. Ya ce baƙon nan da ƙafarsa ya taka har ƙarshen duniya ta arewa, ya kuma taka har ƙarshenta ta kudu, inda babu komai sai ƙanƙara. Ni zan riƙa kai shi ina dawo da shi har ranar tafiyarsa.

"Yalla," in ji mudir, "kada ka ba ni kunya."

Turancin mudir bai san mace ba, kowa namiji ne a bakinsa. Saboda haka na tsaya a ƙofar fitowa ta filin jirgin Hamad riƙe da kwali, ina ta baza ido in ga wani ƙato mai gemu har ƙirji. Ƙattai suka yi ta wucewa, babu wanda ya dubi kwalina. Can sai na ji an taɓa mini gwiwar hannu. Na sunkuyar da kai na ga wata 'yar tsohuwar Baturiya, kanta fari fat an aske shi gajere, fuskarta duk ta yi tamoji kamar fatar da aka jeme, tana rataye da jaka ɗaya tal. In tana tafiya tana ɗan rangaji kamar agwagwa.

Na ce, "Madam, ina maigidan?"

Ta ce, "Ya rasu tuntuni. In kana jiransa za mu daɗe a nan."

Muka shiga mota. Lokacin zafi ya fara kankama, irin wanda in ka buɗe ƙofar mota sai ka ji kamar an watsa maka tururin tukunya a fuska. Na murɗa esi, na'urar sanyaya mota, har ƙarshe don in burge ta, tunda mutuniyar sanyi ce. Ba mu fita daga harabar filin jirgin ba ta ce, cikin ladabi, don Allah in kashe, in sauke gilashi.

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta maimaita. Ta ce duk sanyin da nake hura mata a cikin mota, zafi ne nake ƙara wa waje, kuma ba ta ga dalilin da za ta zo ta yi wa yara wa'azi a kan haka ba alhali ita tana zaune a firji.

Na kashe. Amma a raina na ce, tsohuwa, za ki san kin zo Doha. Na bar babbar hanya mai iska, na bi da ita ta cikin gari inda fitilun kan titi suka fi yawa, kowace ja sai mun tsaya. Gumi ya jiƙa mini riga har kujera. Ina leƙenta ta madubi ina jiran ta ce ta tuba. Ita kuwa ta jingina, ta fito da gorar ruwa ta ƙarfe tana kurɓa, tana kallon dogayen gine-gine kamar wadda aka kawo yawon salla. Ni na fara tuba a zuci.

Washegari na zo da dabara. Akwai 'yar kafar iska a ƙasa wajen ƙafar direba. Na rufe duk sauran, na kunna wannan kaɗai a hankali, na sa rediyo don ya rufe ƙarar. Mun yi tafiya mai ɗan nisa ina jin daɗina, sai na ji murya daga baya.

"Ƙafarka ta dama ta riga mu isa ƙasarmu, ko?"

Dariya ta ƙwace mini har na kusa hawa gefen titi. Daga nan muka yi sulhu: da safe da yamma gilashi a sauke, da tsakar rana in kunna kaɗan, don ta yarda cewa direban da ya suma a kan sitiyari ba zai amfani duniya da komai ba.

Tun daga ranar bakinta ya buɗe. Tsakanin wannan makaranta da waccan takan ba ni labarin tafiye-tafiyenta. Ta ce tun tana budurwa ta fara, tana ɗaura igiya a ƙugu tana jan wani abu kamar kwalekwale a kan ƙanƙara, cike da tanti da abinci, nauyinsa ya fi nata. Ta ce a can in ka watsa tafasasshen ruwa sama, kafin ya sauko ya zama gari. Ta ce gashin ido yana mannewa da juna, sai ka sa yatsa ka narkar kafin ka ga gabanka. Ta ce man shanu suke gutsura su ci kamar rogo, duk da haka suna ramewa. Ta ce wata farar dabba da ta fi sa girma ta taɓa leƙo mata cikin tanti tana shinshina. Ta ce sanyi ya cinye mata yatsun ƙafa biyu. Babbar kuma, ta ce rana takan yi watanni ba ta faɗi ba, sai dai ta yi ta kewaya sama kamar akuyar da aka ɗaure a turke.

Ni dai ina cewa, "Haka ne, Madam," ina tarawa.

A lokacin ina zaune a wani tsohon gida a Al Asmakh, ɗaki ɗaya da mutum biyu. Akwai Malam, dattijo Bakatsine mai gadi a wani kanti, shi ke jan mu salla, shi ke yanke hukunci a kan komai tun daga fiƙihu har ƙwallo. Akwai kuma wani ɗan Zangon Kumasi mai ɗaukar kaya a filin jirgi, wanda bai taɓa yarda da maganar kowa ba sai tasa. Da yamma in mun zauna cin abinci sai in zazzage musu abin da na kwaso.

Ɗan Kumasi ya ce, "Kai, wannan tsohuwa ta ga baƙin mutum ne ta ce bari ta yi wasa da shi. Ruwan zafi ya zama gari? Me ya sa ba su yi tuwo da shi ba?"

Malam ya goge hannu ya ce, "Duk sauran zan iya bari. Amma ranar da ba ta faɗuwa, to yaushe ake magariba? In azumi ya kama mutum a can, sai ya mutu ke nan? Ka tambaye ta."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba Musulma ba ce."

Ya ce, "Shi ya sa ta samu bakin faɗa."

Ɗan Kumasi ne ya kawo shawarar ramuwa. Ya ce bai kamata a zo har Doha a fi Bahaushe iya labari ba. In ta ba ni na sanyi, in ba ta na zafi. Shi da kansa ya taya ni shiryawa, Malam yana gefe yana istigfari yana kuma gyara mana inda bai yi daɗi ba.

Da safe da ta gama ba ni labarin yadda numfashinta ya daskare a rufin tanti ya riƙa zubo mata a fuska, sai na gyara murya. Na ce ai mu ma a garinmu, can gabas wajen Tafkin Chadi, muna da namu. Na ce da bazara masu shayi ba sa hura wuta, buta kawai suke ajiyewa a rana. Na ce kajinmu sai an riƙa ba su ruwan randa, in ba haka ba dafaffen ƙwai suke sakawa. Na ce jakin kawuna ya taɓa tsayawa a kan kwalta yana tunani, kafin ya gama tunanin kwaltar ta narke ta kama shi, sai da aka yanko shi da ita, har ya mutu da baƙaƙen takalma yake yawo, in yana tafe kana jin ƙwas ƙwas kamar ɗan sanda.

Ta ce, "Abin mamaki." Fuskarta ko gezau.

Na samu ƙwarin gwiwa. Kullum sai na kawo sabo. Ita ma ba ta fasa nata ba. Wata rana muna tsaye a cunkoso kusa da bakin teku, ta ga jiragen katako na masunta, ta tambaye ni ko na taɓa shiga jirgin ruwa. Na ce ai a cikin kwalekwale na girma, mahaifina masunci ne. Na ce inda yake ɗaure kwalekwalensa ina yaro, da na koma ina saurayi gonar wake na tarar, ruwan ya ja baya sai ka hau mota kafin ka gan shi. Kwalekwalen ma a tsakar gida ya ƙare, ana zuba wa tumaki dusa a ciki. Fitila ta ba mu hannu, na ja mota, na koma kan labarin wani ƙadangare da na tanada tun jiya.

Ana cikin haka abin dariya ya faru. Makarantun da muke zuwa, da otal ɗin da ta sauka, da ɗakunan taro, ko'ina esi ne kamar ɗakin ajiye nama. Ta fito cikin rana ta shiga sanyi, ta fito ta sake shiga. Ana gobe babbar lacca na zo ɗaukarta na same ta da jan hanci, ido yana ruwa. Ta buɗe baki za ta gaishe ni, sai wata 'yar ƙara ta fito kamar ta ƙofar da ba a sa wa mai ba. Mura ta kama ta, murya ta dishe ƙurmus.

Na yi ƙoƙarin riƙe fuskata, wallahi na yi. Amma matar da ta kwana a kan ƙanƙara shekara da shekaru, a ce sanyin Doha ne ya kayar da ita! Na kifa kai a kan sitiyari na yi ta dariya har hawaye. Ta ɗaga gorar ƙarfen nan kamar za ta ƙwala mini, ita ma kafaɗunta suna rawa.

Masu gayyatarta sun ba ta ƙwayoyi, amma na ce mata maganin murya yana wurin Malam. Na kira shi a waya ya lissafo mini abin da zan sayo. Na ce ta kwanta in je in dawo, ta girgiza kai ta shige mota. Muka nufi kasuwar kayan gwari ta Abu Hamour. Ta bi ni lungu lungu da rangajinta, ina sayen ɗanyar citta da lemon tsami da tafarnuwa, ita tana tsayawa tana karanta jikin kwalaye don ta ga daga wace ƙasa kowane tumatir ya hau jirgi ya zo. Wani mai kanti ya ga tsohuwa tana nuna abu da hannu ba ta magana, ya ɗauka bebiya ce, ya cika mata hannu da dabino kyauta yana yi mata addu'a. Ta karɓa da hannu biyu, ta sunkuyar da kai kamar marainiya. Da muka juya ta kashe mini ido ɗaya.

Ba a kai mace ɗakin maza, don haka bayan la'asar muka zauna a kujerun roba a ƙofar wani mai karak, wato shayin madara mai kauri, da ke bakin layinmu. Malam ya fito da fulas, ya dafa abin da kanumfari da masoro da zuma, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a kamar zai karɓi gwamna. Ɗan Kumasi ya biyo shi yana hura hanci.

Ta kurɓa sau ɗaya. Idonta ya firfito, kunnuwanta suka yi ja, ta dafe tebur.

Malam ya ce, "Gaya mata ta shanye. Ba a bar wa kofi."

Ta shanye, ya ƙara mata. Kafin ta gama na biyu gumi yana ɗiga daga haɓarta, murya kuma ta fara dawowa, ƙasa ƙasa kamar mai raɗa. Malam bai ɓata lokaci ba, ya ce in yi masa tafinta. Ya jefa mata tambayarsa ta magariba da azumi, ya harɗe hannu yana jiran ta daburce.

Ta ce a wata tafiyarsu ta kudu akwai likita Musulmi a cikinsu. Agogo biyu yake ɗaurawa, ɗaya na aiki, ɗaya an saita shi da lokacin Makka, da shi yake salla. Ta ce tana tuna shi a ƙofar tanti, rana tsaka a sama, yana cewa shi dare ya yi masa, sai da safe.

Malam ya shafa gemu. Can ya ce, "To, ai malamai sun yi magana a kan wannan. Dama gwada ta nake yi."

Ɗan Kumasi ya ga Malam ya sauka, ya ce shi bai sauka ba. Ya ce in tambaye ta, sanyin da ke cin yatsu, haƙora gare shi? Na fassara mata yadda ya faɗa, ban rage komai ba. Ta sunkuya ta kwance igiyar takalminta na hagu, ta zare safa, ta ɗora ƙafar a kan kujerar da ke gabansa. Babban yatsa yana nan, na kusa da shi biyu suna nan, daga nan sai fili sumul. Mai shayi ya leƙo ya koma. Malam ya kawar da kai yana salati. Ɗan Kumasi ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da ni a hankali, "Tambaye ta ko za ta ci kilishi."

Ta ci kuwa, ta ce ya fi busasshen naman da suke tafiya da shi, wanda ɗanɗanonsa kamar tsohon takalmi. Kafin mu tashi ta ce gobe dukkanmu mu zo lacca, ita ta gayyace mu.

Ni da ɗan Kumasi muka je, Malam yana bakin aiki. Aka zaunar da mu a baya. Ɗakin cike da ɗalibai da manyan mutane masu fararen kaya. Ta hau dandamali da fulas ɗin Malam a hannu, aka kashe fitilu, aka kunna majigi.

Abu na farko da muka gani, ita ce tana budurwa, ta watsa ruwan zafi sama daga kofi, ya tashi ya zama farin gari ya bi iska. Ɗan Kumasi ya damƙe mini cinya. Sai ga fuskarta, gashin ido ya yi fari ya manne. Sai ga farar dabbar nan tana zagaya tanti. Sai ga rana an ɗauke ta hoto bayan hoto, tana kewaya sama ba ta taɓa ƙasa ba. Duk abin da na kwashe kwanaki ina kai wa ɗaki a matsayin ƙaryar tsohuwa, ga shi nan a bango, ya fi ni tsawo.

Daga nan dariyar ɗakin ta ragu. Ta nuna wani fili fari inda ta ja kayanta a tafiyarta ta farko. Ta nuna wurin a wata tafiyar bayan ta manyanta, ƙanƙarar ta tsattsage, baƙin ruwa a tsakani, suna sanye da rigunan roba suna iyo suna jan kayan a bayansu. Ta ce da ta koma da furfura, a jirgin ruwa ta wuce ta wurin, tana shan shayi. Ta ce a da tana tafiya ne don ta ga ko za ta iya. Daga baya ta ci gaba da tafiya don a samu wanda zai dawo ya faɗi abin da ya gani. Yanzu ƙafa ta ƙi, saura baki, shi ma jiya ya so ya gudu.

Sai ta kurɓi fulas ta ce, "Direbana a garin nan ya ba ni labarai da yawa game da garinsu."

Ɗan Kumasi ya zame ƙasa a kujerarsa yana toshe baki. Ta sa hannu a goshi tana neman mu a cikin duhu har ta gano ni, ta tsaya tana kallona, ta bar ni ina dahuwa. A raina na hango jakin kawuna da baƙaƙen takalmansa yana shigowa gaban manyan mutane, da mudir yana karɓe makullin mota.

Ta ce, "Akwai na wani jaki, wannan na bar masa, shi ya fi ni iya faɗinsa."

Sannan ta ba su labarin kwalekwalen mahaifina, da gonar wake, da tumaki masu cin dusa. Ba ta ƙara gishiri ba, yadda na faɗa haka ta faɗa. Ta ce ita ta ga ruwa ya zo inda babu shi, ni na ga ya tafi daga inda yake, kuma ba ta jin labari biyu ne. Ban san lokacin da dariyar ta bar ni ba. Na zauna ina tuna warin kifin banda a rigar mahaifina, abin da na daɗe ban tuna ba.

Da aka tashi wani ɗalibi ɗan Najeriya mai karatun digiri na uku ya tare ni a ƙofa, ya ce yana so mu zauna in ba shi labarin tafkin. Ya ƙara da cewa, "Na jakin fa?" Na ce wannan sai an yi mini karak.

A mota na tambaye ta yadda aka yi ta tsince wannan ɗaya daga cikin tulin. Ta ce duk sauran ina faɗa ina leƙen fuskarta a madubi, wannan kuwa titi nake kallo. Ta ce amma na kajin ya yi mata daɗi, za ta kai wa jikokinta.

Na kai ta filin jirgi da hantsi. Ba ta yarda na ɗaukar mata jaka ba. Ta ce in gaishe da Malam, in gaya masa makogwaronta har yanzu yana ci da wuta. Ta shige cikin mutane, kanta fari yana ɓullowa yana ɓacewa, har na daina ganinta.

Ranar Juma'a na kira Inna a Nguru, inda ta koma da zama wurin yayata. Na kwashe labarin duka na ba ta, tun daga ƙanƙara har yatsu. Ta saurara ba ta katse ni ba, abin da ba halinta ba ne. Da na gama ta ce, "Wai wani ne ya aike ta?"

Na ce, "A'a Inna, ita ta sa kanta."

"Akwai gona a can? Ko kasuwa?"

"Babu ko ciyawa."

Ina jin kukan awaki ta cikin wayar. Sannan ta ce, "'Ya'yanta ba su da kirki. Ni ko bakin rijiya na nufa sai yayarka ta ƙwace gugan." Ta ce in na sake ganin matar in ce tana gaishe ta da jiki, kuma ta riƙa shafa man kaɗanya a ƙafar.